RAYUWAR TAURARI: Babbar Marsandi ko matsakaiciya, wacce ta dace da ɗan fim?

DA wuya a yi wata guda ba a ga hoton wani ɗan fim a Instagram ko TikTok ya jingina da sabuwar mota ba, makulli a hannu, abokan sana'a sun yi masa caa da addu'ar "Allah Ya tsare, Ya sa a kashe lafiya." Su kuma 'yan kallo sai musu ya kaure: ta wane ta fi ta wane, wance ta kere wa wance. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, motar nan a hannunsa ne kawai take sabuwa. Yawancin motocin alfarma da ke yawo a titunan Kano, Kaduna da Jos na hannu ne, ko dai tokumbo da aka gama mora a Amurka ko Turai, ko kuma 'yar gida da ta ratsa hannu biyu ko uku a Nijeriya.

Wannan ba abin kunya ba ne, domin attajirai ma su suke hawa. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar saye.

A ɗauka matashin jarumi ne. Ya yi shekara uku ko huɗu yana fitowa a abokin jarumi, yau ga shi shi ke jan shiri mai dogon zango. Sallama ta ɗan yi kauri, ga kuɗin talla, ga ɗan abin da YouTube ke kawowa. Ya tara, ya sayar da tsohuwar Hondarsa, ya nufi wajen masu motoci da niyyar ɗaukar matsakaiciya, Marsandi E350 ko Lexus ES 350. Yana cikin zagaya ta sai dillali ya ja shi gefe.

"Haba yallaɓai! Kamar kai a ce wannan za ka hau? Zo ka ga motar manya. Wallahi abin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba, ɗan ciko kawai za ka yi."

Ya waiwaya, ga S550 ko LS 460 a shimfiɗe, baƙa wuluk, sai sheƙi take yi. Nan take zuciya ta fara kai shi ƙofar ofisoshin 'yan fim na titin gidan zu, yana fitowa daga cikinta, ido duk a kansa.

ARAHAR DA KE DA DALILI

Dillalin fa bai yi ƙarya ba. A kasuwar motocin hannu, babbar motar alfarma da ta kwana biyu takan sauko kusa da farashin matsakaiciya, wani lokaci ma ƙasa da ita. To me ya jawo?

Sa'ad da suke sababbi tazarar ba kaɗan ba ce. A Amurka, Lexus ES 350 ta 2007 ta fara ne daga wajen dala 33,000, ita kuwa LS 460 ta wannan shekarar dala 61,000. Marsandi S550 ta 2007 ta haura dala 85,000, alhali E350 ta 2010 ba ta kai 50,000 ba. Da suka tsufa sai babbar ta fi saurin faɗuwa, saboda masu neman ta kaɗan ne. Mai kuɗin riƙe ta ya fi son sabon yayi, wanda ya san mota kuma ya san abin da ke jiran sa. Farashin motar ne ya karye, amma na kayan gyaranta yana nan inda yake. Fitila ɗaya, madubi ɗaya, shokozoba ɗaya, duk kuɗin motar manya za a caje ka.

Masu kiwon doki sun san wannan karatun. Ba ranar sayen doki ake gane mai doki ba, sai an shiga rani, harawa da dusa sun yi tsada.

ABIN DA KE CIKIN KOWACCE

ES 350 ta 2007 zuwa 2012 tana da inji mai silinda 6, lita 3.5, kuma da tayoyin gaba take ja. Asalinta 'yar ɗakin Toyota Camry ce, injinta ma irin na Camry mai silinda 6 ne. Masu son ƙure mutum kan ce ai Camry ce ta sa babbar riga. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai wannan ɗin ne ƙarfinta: kusan duk makanikin da ya iya Camry zai iya taɓa ta, kayanta kuma ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ba sai an yi aike Ladipo a Legas ba.

LS 460, wadda ta fito a 2006, wata duniya ce daban. Silinda 8, lita 4.6, da tayoyin baya take ja, ga giya 8 mai sauya kanta. Tsawonta ya ɗan haura mita 5, ita kuwa ES ba ta kai mita 4.9 ba. In an rufe ƙofa sai ka ce ɗakin ɗaukar murya ne don shiru.

A gidan Marsandi ma haka labarin yake. E350 ta zubin 2009 zuwa 2016 silinda 6 ce, lita 3.5. S550 ta farkon zubin 2005 zuwa 2013 silinda 8 ce, lita 5.5, doguwarta ta kai mita 5.2, nauyinta ya haura tan 2. A lura kuma, ko a cikin matsakaitan akwai hawa-hawa: riƙon E350 ya fi na ES 350 cin kuɗi, domin Bajamushiya ba ta son gyaran cinta-cinta.

MAI: BA SHI NE BABBAN DODON BA

Kowa da batun mai yake farawa, kuma da dalili. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye 1,000 a wasu garuruwa.

A ƙiyasin hukumar muhalli ta Amurka, a tuƙin cikin gari ES 350 tana yin wajen kilomita 8 da lita ɗaya, LS 460 ba ta cika 7 ba, S550 ta farko-farko kuwa wajen 6. Ke nan a tafiyar kilomita 1,000, ES za ta sha wajen lita 125, LS wajen 147, S550 ta haura 160. Wannan lissafin sabuwar mota ne a titin Amurka. A cunkoson Kano, da iyakwandishan a kunne tun safe, kowaccensu za ta fi haka sha. Duk da haka tazarar ba ta kai yadda ake kururuta ta ba. Wanda ya iya shayar da mai silinda 6, in ya cije zai iya shayar da mai 8.

Abin da ke karya mutum yana gareji.

RANAR DA TA DURƘUSA

S-Class ta wannan zubin ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba, a kan iska take. Kowace ƙafa tana da shokozoba mai jakar roba kamar balan-balan, ga kwamfuresa da ke hura su. Shi ya sa take tafiya kamar kwale-kwale a kan ruwa. Amma roba ce, tana tsufa, ga zafi, ga ƙura, ga ramuka. Ranar da ta fara yoyo, sai a wayi gari motar ta durƙusa a ƙofar gida kamar raƙumi. In aka yi sakaci kwamfuresar ma ta ƙone don yawan aiki. Da yawa kan gaji su cire ƙafar iskar su sa ta ƙarfe, to daga nan laushin da aka sayi motar dominsa ya ragu. Wasu LS 460 ma suna da ƙafar iska, haka wasu E-Class masu babban inji, don haka a tambaya kafin a biya.

LS 460 kuma an san ta da cin bushin ɗin ƙafafun gaba, ga hannuwan ƙafar da yawa, in za a sauya sai an shirya. Ko sabis na yau da kullum akwai bambanci: filogi 8 maimakon 6, baƙin mai sama da lita 8 maimakon wajen lita 6, tayoyi manya masu tsada. Ga na'urori birjik a kujeru, ƙofofi da but, kowacce da ranar lalacewarta. Motar da kwamfuta ta yi wa yawa ba ta son mai gyaran waya na bakin titi, wanda zai yanke nan ya haɗa can. Kuskure ɗaya sai dashbod ya kama da fitilu kamar gidan biki.

Kayan nan kuma da dala ake shigo da su. Bayan an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni na 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024. Shi ya sa ba a rasa ganin manyan motoci a gareji, ƙura ta lulluɓe su, tayoyi sun sace, ana jiran kaya ko jiran kuɗin kayan.

Kada a ɗauka matsakaiciyar ba ta da nata. Dashbod ɗin wasu ES 350 na 2007 da 2008 yakan yi danƙo ko ya tsattsage a ƙasa mai zafi. Sai dai wannan ba ya hana zuwa lokeshin.

SANA'AR DA BA TA DA ALBASHI

A nan ne maganar ta shafi ɗan fim kai tsaye. Ma'aikacin banki ya san abin da zai shigo masa ƙarshen wata. Ɗan fim bai sani ba. Yau ana rububinsa, gobe an yi sabuwar fuska. Waɗanda suka ga zamanin kaset, lokacin Sangaya da Wasila, sun ga yadda kasuwar faifai ta zo ta durƙushe daga baya, har harkar ta koma kan tashoshi irin Arewa24 da ta fara a 2014, da shirye-shirye masu dogon zango irin Izzar So da Labarina da suka ɓullo a 2020. Ƙurar da hirar Ladin Cima da BBC Hausa ta tayar a 2022 kan abin da ake biyan 'yan wasa ma ta isa tunatarwa cewa suna daban, aljihu daban.

Mota ba ta san an dakatar da shutin ba. Ba ta san furodusa ya ce a yi haƙuri sai an saki fim ba. In ƙafarta ta tashi lalacewa, lalacewa za ta yi.

Sannan ga yanayin aikin. Yau lokeshin a gidan wani Alhaji a Nasarawa, gobe a ƙauye mai hanyar burji, jibi a lungun cikin birni inda 'yan A Daidaita Sahu ke goga jiki da jiki. Mota mai tsawon mita 5 da ɗoriya, mai ƙasa-ƙasa, wahala take sha a irin wuraren nan, cikinta na kartar duk tudun da aka haye. Kuma a duba da kyau: daɗin babbar mota a kujerar baya aka tara shi, don mai gida ya miƙe ƙafa direba na ja. Matashin da zai tuƙa kansa ya sayi falo ne ya zauna a zaure.

WA BABBAR TA DACE DA SHI?

Ba a ce babbar mota haramun ba ce. Wanda ke yawan bin doguwar hanya, kamar Kano zuwa Abuja mai kilomita 400 da ɗoriya, zai ji bambancin a bayansa da kunnensa. Ta dace da wanda ke da wata motar ta zirga-zirga, yana da makaniki na gaske mai na'urar bincike, yana da wata hanyar samu bayan fim, kuma in an ce masa gyara ya kama kuɗi mai nauyi ba sai ya taɓa kuɗin makarantar yara ba. Wanda sai da ya yi karo-karo kafin ya cika kuɗin sayen, to ba tasa ba ce tukuna.

KAFIN A MIƘA KUƊI

Babba ce ko matsakaiciya, kada a je da aboki mai zuga, a je da makaniki. A sa na'ura a karanta kwamfutar motar. A duba lambar jikinta mai harufa da lambobi 17 a intanet, domin tokumbo da yawa daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko suka sha ambaliya a Amurka ake kwaso su. A ɗaga kafet a sansana, a leƙa ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa ko busasshen taɓo. In mai ƙafar iska ce, a zo da sassafe kafin a tayar da ita, a ga ko ta kwana a tsaye. A tabbatar da takardun kwastan na gaske ne. Sannan kada a ƙarar da aljihu tas, a bar wani abu don gyaran farko, domin babu motar hannu da ba ta zuwa da buƙatarta. Lafiyayyar ES ta fi S-Class mai ciwon ɓoye, komai kyan fentinta.

SAURA 'YAN KALLO

Su ma masoya suna da hannu a cikin lamarin. Su ne ke cewa wane ya tsiyace don an gan shi a ƙaramar mota, su ne ke auna darajar jarumi da tsawon abin da ya hau. Alhali dankareriyar motar da ake gani a fim, Alhaji na fitowa daga bayanta, sau tari aro ce ko haya, ana gama ɗaukar sin ɗin mai ita zai karɓi makullinsa. Gudun bakin 'yan kallo ya sa wasu ɗaukar Dala ba gammo, kuma ranar da motar ta kwanta, waɗanda suka yi tafin ba a ganin ko ɗaya a gareji.

Don haka in an ga gwani a cikin matsakaiciyar mota, lafiya ƙalau, yana isa lokeshin a kan lokaci, a yi masa addu'a kawai. Mai yiwuwa ya fi na cikin babbar barci mai daɗi.

Allah Ya tsare hanya, Ya ba kowa abin hawan da zai iya riƙewa.