Miƙewar gaba da asuba: hukuncinta, da abin da ɗaukewarta ke nufi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Ya ƴan'uwa maza, maganar yau ta manya ce, kuma na san wasu za su ce ba ta dace da bakin liman ba. Na daɗe ina jinkirta ta saboda wannan. Amma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Sayyidina Aliyu ya kasance mai yawan fitar maziyyi, ya ji nauyin tambayar Annabi (SAW) saboda yana auren ƴarsa, sai ya aiki Miƙdad ɗan Aswad ya tambayar masa. Kunya ta sa ya nemi ɗan aike, ba ta sa ya haƙura da sanin hukunci ba. To ku ɗauke ni a matsayin ɗan aiken.

Mu fara da hukunci, domin samari suna yawan turo tambaya a ɓoye. Wanda ya farka ya tarar gabansa a miƙe, babu zunubi a kansa, babu kuma wanka. Miƙewa kaɗai ba janaba ba ce. Abin dubawa shi ne ko wani abu ya fita. In maniyyi ne, wankan janaba ya wajaba ko da bai tuna mafarkin ba. In maziyyi ne, wato farin ruwa mai tsinkewa da ke fita lokacin sha'awa, a mazhabarmu ta Malikiyya sai ya wanke gaban duka, ya wanke inda ya taɓa a tufa, ya yi alwala. In wadiyyi ne, mai kauri da ke biyo bayan fitsari, hukuncinsa na fitsari ne. Alwala kuwa barci mai nauyi ya riga ya warware ta. Duk wannan yana cikin Risala da muka karanta a zaure muna yara. Saboda haka saurayin da ke barin sallar asuba ta wuce shi wai yana jiran rana ta fito ya yi wanka, alhali babu abin da ya fita, shaiɗan ne ke wasa da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da wannan alama ta ɗauke masa, ya yi shiru.

Likitoci sun bayyana cewa gaban namiji mai lafiya yana miƙewa sau 3 zuwa 5 a kowane dare, a cikin ɓangaren barcin da ake yin mafarki, ba tare da ya sani ba, ba kuma don ya yi tunanin mace ba. Wanda yake gani da asuba shi ne na ƙarshe daga cikinsu. Abin ba ya faruwa sai abubuwa da dama sun haɗu: jijiyoyin jini a buɗe, jijiyoyin saƙo lafiya, sinadarin mazantaka isasshe, barci kuma ya samu. Kenan awo ne da Allah ya sanya a jikin bawa, ba tare da ya biya ko dala ɗaya ba. Sannan hanyoyin jinin da ke shiga gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta. In maiƙo ya fara toshe hanyoyin jini, ƙananan ne ke fara nunawa. Shi ya sa raunin gaba kan riga ciwon zuciya bayyana da ƴan shekaru. Ciwon suga, hawan jini, taba, ƙiba, da tiramol ɗin da ya cinye mana matasa, duk nan suke fara barin sawunsu.

Wani bawan Allah daga cikin masu bin sallah a bayana, ɗan kasuwa, shekarunsa ba su kai 50 ba, ya same ni bayan isha, ya jira kowa ya watse. Ya ce an ɗaure shi, kuma zarginsa na kan uwargidansa tun da ya ƙara aure. Rubutun sha yake so. Na tambaye shi: da asuba fa, kana ganin abin da ka saba gani? Ya ce rabonsa da shi ya fi shekara. Na ce fitsarin dare fa? Ya ce sau huɗu, sau biyar, ga ƙishirwa ba ta yankewa. Na yi masa addu'a, na ce gobe kafin ya karya kumallo ya je a auna masa jini. Suga ne, ya yi sama sosai. Da na ba shi rubutu na sallame shi, da wataƙila ya saki uwar ƴaƴansa a kan laifin da ba ta aikata ba, ciwon kuma yana nan yana cin idonsa da ƙodarsa. Ba na musun sihiri, Alƙur'ani ya tabbatar da shi. Ina musun a fara da zargin Musulmi kafin a fara da awon da ake yi cikin minti kaɗan. Mu malamai ma muna da laifi a nan, domin tawada ta fi mana sauƙi a kan mu ce wa mutum: wannan ba fagena ba ne.

Tambayar asuba tana raba hanya biyu. Wanda alamar ke zo masa kullum amma yake gazawa a wurin iyalinsa, galibi matsalar a zuciya take: bashi, fargaba, saɓani tsakaninsa da matar, ko kallon batsa a salula. Wannan yana bukatar nasiha da gyaran zama. Wanda kuwa ta ɗauke masa gaba ɗaya makonni da watanni, jiki ne ke magana, sai likita. Kwana biyu ko uku ba komai ba ne, gajiya da ƙarancin barci suna jawo haka, kuma tana raguwa da shekaru. Ni da na haura 50 ba zan auna kaina da ɗan shekara 20 ba.

Mu kuwa me muke yi? Mu ce basir ne, ko sanyi ne, mu nufi mai lasifika a tasha. Da yawa daga garin magani da ruwan gora da ake sayarwa da sunan gargajiya an sha samun an cuɗa su da sinadarin ƙwayar Viagra, ba a san adadinsa ba. Wannan sinadari in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana faɗar da jini ƙasa warwas, har ya kai ga rai. Ko da bai kashe ba, ya rufe bakin ɗan saƙo ne kawai. Mutum ya ga aiki ya dawo, ya ɗauka ya warke, suga da tansiyo suna ci gaba da ɓarna, sai ranar da aka kwashe shi da shanyewar ɓarin jiki. Jakunkunan da ya zuba a wannan magani sun isa awo sau da yawa.

Awon ba mai wahala ba ne. A asibitin unguwa ma ana auna tansiyo da suga. Tansiyon da ke kai 14/9 ko ya wuce a awo fiye da ɗaya, da sugan da ke kai giram 1,26 a lita kafin cin abinci, duka suna bukatar likita ya bi su. Ka faɗa masa gaskiyar abin da ya kawo ka, kada ka tsaya kan ciwon kai. In kana shan maganin hawan jini ka ga rauni ya biyo baya, kada ka daina da kanka, ka koma a canza maka.

Akwai kuma kishiyar wannan. Miƙewar da ta wuce awa 4 ba ta kwanta ba, musamman mai zafi, ba ƙarfi ba ce, haɗari ce, kuma ta fi samun masu amosanin jini, har da yara. Iyaye su sani: a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye, domin jinkiri na iya kashe gaban har abada.

Kada a manta akwai haƙƙin wata a cikin wannan. Shari'a ba ta ɗauki lamarin da wasa ba, har malamanmu suka ce wanda ya kasa kusantar matarsa tun da aka ɗaura, alƙali ya ba shi shekara guda ya nemi magani, in bai warke ba tana da zaɓi. Mijin da ya juya wa iyalinsa baya wata da watanni, ya bar ta tana zargin kanta ko kishiyarta, alhali asibiti na bayan gidansa, ina jin tsoron a tambaye shi a kan wannan shirun.

Wanda ke da tambayar da ba zai iya yi cikin jama'a ba, ya same ni bayan sallar isha, ko ya aiko wanda ya amince da shi. Wallahu a'alamu.