Maganaɗisun Duniya Da Kwatar Rijiyar Lemo

Maganar nan da wani mai wa'azi ya saki a kwanakin baya, wadda yanzu ta gama bin wayoyin mutane tun daga Rijiyar Lemo har Sabon Gari a nan Kano, cewa zafin da ya addabe mu da ambaliyar da ke cin gidajenmu ba komai ba ne face juyawar maganaɗisun duniya, kuma wai masana da kansu sun tabbatar arewa ta kama hanyar komawa kudu, saboda haka fitowar rana daga yamma ta gabato, dashen itace da yashe kwata kuwa wahalar banza ce, magana ce da ba zan iya bari ta wuce ba. Ta ɓata ilimin falaki, ta taɓa na addini, sa'an nan ta miƙa wa masu sakaci da haƙƙin jama'a uzurin da suka daɗe suna nema. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda waɗansu masu karatun boko, da ya kamata su tsawatar, suka zama 'yan gaba wajen yaɗa ta, suna ƙara mata gishiri da sunayen hukumomin sararin samaniya waɗanda ko shafi ɗaya na rahotonsu ba su taɓa buɗewa ba.

Lalle akwai gaskiya a gindin maganar, ita ce ma ta sa ƙaryar ta yi ƙarko. A can cikin ƙasa, zurfin kimanin kilomita 2,900, akwai narkakken ƙarfe da ke motsi ba dare ba rana, kuma daga motsinsa ne Allah Ya halitta ƙarfin maganaɗisun da ke jan allurar kamfas, yake kuma kare mu daga ɓurɓushin da rana ke fesowa. Tun da ƙarfen ba ya tsayawa wuri ɗaya, wurin da allurar ke nunawa a ƙuryar arewa shi ma ba ya tsayawa. Wani Baturen Ingila, James Clark Ross, ya isa wurin a arewacin Kanada a 1831. Daga nan wurin ya yi ta gusawa sannu a hankali, tafiyar da ba ta wuce kilomita 15 a shekara ba, sai bayan 1990 ya ƙara sauri har ya haura kilomita 50 a shekara, ya nufi Saberiya ta ƙasar Rasha, yanzu kuma ya lafa zuwa wajen 35. Ƙarfin maganaɗisun ya ragu da kimanin kashi 9 cikin 100 a shekara ɗari biyu da suka wuce. Duk wannan sananne ne, rubutacce ne, ba wanda ya ɓoye shi, har ma ana sabunta taswirar maganaɗisun duk shekara biyar domin matuƙan jiragen sama da na ruwa. Mu da ke kwana da ƙarar jirage a nan kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano ya kamata mu san cewa lambobin da ake rubutawa a bakin titin saukar jirgi daga kamfas ake ɗauko su, kuma idan allura ta gusa sosai, abin da hukuma ke yi shi ne ta goge lamba ta shafa sabon fenti, kamar yadda aka yi a birnin Tampa na Amurka a 2011. Iyakar ta'adin ke nan.

Amma ina alaƙar wannan da mafitar rana? Rana tana fitowa daga gabas ne saboda ƙasa na juyawa a kan kanta daga yamma zuwa gabas, kuma wannan juyi ba maganaɗisu ke riƙe da shi ba. Duwatsun da aman wuta ya bari sun adana shaidar cewa arewa da kudu na maganaɗisu sun sha yin musaya, sau da yawa ƙwarai a tarihin duniya, na ƙarshe kimanin shekara 780,000 da suka shige, musayar da kan ɗauki ɗaruruwa ko dubban shekaru kafin ta kammala, kuma babu wata alama cewa juyin ƙasa ya taɓa komawa da baya a dalilin haka. Ita kanta rana maganaɗisunta yana juyewa kusan duk shekara goma sha ɗaya. Duk wanda ya kai shekara hamsin a garin nan ya rayu cikin wannan juyi aƙalla sau huɗu, bai ko sani ba.

Fitowar rana daga mafaɗarta kuwa gaskiya ce da muka yi imani da ita, tana cikin manyan alamomin tashin Alkiyama kamar yadda ya inganta a Bukhari da Muslim, kuma daidai saboda girmanta ne bai halatta a ɗaure ta a jikin allurar kamfas ba. Ilimin sa'a gaibu ne da Allah Ya keɓanta da shi, ko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a sanar da shi lokacinta ba. To yaya wanda ya tsinci rabin labari a waya zai hau mumbari ya yi mata lissafin kilomita? Aya ce da za ta zo bisa saɓanin al'ada, da ikon Ubangiji, ba ta bukatar a nemo mata tallafi daga tauraron ɗan adam. Wanda ya rataya imanin jama'a a kan gudun maganaɗisu, me zai faɗa musu yanzu da gudun ya ragu? Kuma ko da a ce gobe ne, ai ɗalibin da ya yi zama gaban malamai a zaure ya san hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito, wanda ke umartar mai riƙe da dashen dabino ya dasa shi ko da Alkiyama ta tsaya a kansa. Hujjar da mai wa'azin ya kafa domin a daina dashe, nassi ya riga ya rushe ta tun kafin a haife shi.

Har alƙibla ma an taɓa, wai masallatanmu sun karkace tun da arewa ta gusa, na kuwa ji an fara gardama a kan haka a bakin wani masallaci a Fagge. Ka'aba ba ta gusa ba, Kano ba ta gusa ba. Malamai irin su Albiruni, shekara dubu da suka wuce, sun fitar da alƙiblar garuruwa da hisabin falaki ba tare da sun dogara ga maganaɗisu ba, kuma alƙiblar Kano tana gabas maso arewa, wajen daraja 68 daga arewa ta haƙiƙa, jiya da yau. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya jira 28 ga Mayu, da misalin ƙarfe goma da minti goma sha takwas na safe agogonmu, ko 16 ga Yuli wajen goma da minti ashirin da bakwai, lokacin da rana ke tsayawa daidai bisa Ka'aba. Ya kafa sanda a miƙe a tsakar gida, ya dubi inuwarta, ya tsaya a ƙarshen inuwar yana fuskantar sandar, to ya fuskanci alƙibla. Yaro ɗan firamare zai iya wannan.

Zafi kuwa sababinsa sananne ne tun kafin kakanninmu su ga mota. A 1896 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya lissafa cewa yawaitar iskar kabon da ke fita daga ƙona kwal za ta ɗumama duniya, domin iskar tana barin hasken rana ya shigo, ta hana zafin ƙasa fita. Kafin zamanin masana'antu tana wajen kashi 280 cikin miliyan na iskar da muke shaƙa. Da aka fara auna ta kullum a dutsen Mauna Loa a 1958 ta kai 315. Yau ta haura 420. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye ƙididdiga, kuma a cikin azumin shekarar, ranar 3 ga Afrilu, ma'auni ya nuna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitocin Bamako suka cika da tsofaffi. Masu cewa raunin maganaɗisu na shigo da ɓurɓushin sama ya canja gajimare, an gwada zancensu a ɗakin bincike an ga tasirin bai taka kara ya karya ba, ba zan ɓata tawada a kansa ba. Masu cewa ɗumamar yanayi makircin Turawa ne kuwa, su sani cewa da wannan magana suna wanke Turawan ne daga laifinsu, domin Afirka gaba ɗaya hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, alhali mu ne muke shan ukubar. Wanda aka ƙona wa rumbu ba ya tashi ya rantse cewa babu wuta.

Sai dai kada jami'anmu su yi murna da abin da na faɗa, domin su ma suna da nasu maganaɗisun, sunansa sauyin yanayi. Duk damina, da zarar ruwa ya ci unguwa, sai a fito gaban 'yan jarida a ambaci sauyin yanayi, a raba tabarmi da buhunan shinkafa, a koma ofis. Mai wa'azi ya jingina laifin ga cikin ƙasa, jami'i ya jingina shi ga sararin sama, kowannensu ya tsallake abin da ke tsakani, wato ƙasar Kano da abin da hannuwanmu suka yi mata.

Ina kududdufanmu? Na daɗe ina wannan tambaya, na kuma san waɗanda ba sa son jinta. Magabata da suka haƙi ƙasa suka gina ganuwa da gidaje sun bar ramuka a kowace unguwa, ramukan nan suka zama matattarar ruwan sama, suna shanye ambaliya a watan Agusta, suna sanyaya iska da bazara, suna ciyar da rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa. Baturen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar da ruwan Jakara shimfiɗe a tsakiyar birni. A idonmu aka bi kududdufan nan ɗaya bayan ɗaya, aka cike su da bola, aka yanka filaye, aka ɗora shaguna da benaye, kowace gwamnati ta zo ta zagi ta baya a kan haka, sa'an nan ta yanka nata rabon. An ce kududdufi matattarar sauro ne da ƙazanta. To maganin ƙazanta tsafta ne, ba a taɓa jin an rushe masai don yana wari an bar mutanen gida ba mafita ba. Ruwa dai bai san takardar mallakar fili ba, inda ya saba kwanciya can zai nufa, idan ya tarar da gini ya shiga ɗakin mai ginin, ko ya karkata ya shiga na maƙwabcinsa talaka wanda bai ci ko kwabo a cinikin ba. A damunar 2022 ruwa ya malale kasuwar Kantin Kwari, ya jiƙa atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, kuma 'yan kasuwar da kansu suka nuna gine-ginen da aka ɗora bisa hanyoyin ruwa. Ba su ambaci Saberiya ba, domin sun san inda ruwan ya bi.

Mu ma talakawa ba mu kuɓuta ba. Duk mai son gani da ido ya bi titin Katsina ta Rijiyar Lemo kafin ruwan farko, ya leƙa kwata: yashi ya kai bakinta, ledar fiya wata ta saƙu da tsumma da robar lemo, mai shago ya zuba siminti ya rufe ta don ya sami wurin kafa teburi, da hadari ya haɗo kuma sai ka ga yara ɗauke da bokitan shara suna jiran ruwa ya sauko su juye masa, da izinin iyayensu. Kafin a yi sallar isha ruwan ya dawo da sharar har ƙofar ɗaki. Yashe kwatar unguwa farali ne na kifaya, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi, kuma wannan ita ce mas'alar da ta cancanci mumbari a watan Mayu.

Haka batun itatuwa. Darbejiya da maɗacin da aka jera a titunan garin nan, waɗanda dattawan Fagge da Sabon Gari suka yi ƙuruciya a inuwarsu, an sare da yawansu da sunan faɗaɗa hanya ba a maye gurbinsu ba, aka bar kwalta da kwano da siminti suna shan rana da yini suna amayar da ita da dare, shi ya sa mai ɗaki ɗaya a cikin lungu ba ya iya barci a watan Afrilu sai ya fito da tabarma waje. Motocin gawayi suna shigowa kullum saboda gas da kananzir sun fi ƙarfin magidanci. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa katangar itatuwa a gefen Sahara, Nijeriya ta kafa wa shirin hukuma a 2015, Kano na cikin jihohi goma sha ɗaya da aka ware. Amma dashen da muka fi gani shi ne na ranar biki, babban mutum ya riƙe shebur a ɗauki hoto, bayan mako biyu akuya ta cinye tsiron domin ba a sa masa keji ba, ba a kuma ɗora wa kowa alhakin ba shi ruwa ba.

Ina kira ga mai wa'azin nan da ya koma kan mumbarin da ya yi maganar ya janye ta, domin jama'a sun ɗauke ta a matsayin addini. Ina kuma kira ga masu unguwanni da dagatai na Fagge su ƙidaya kududdufan da suka rage a ƙasarsu, su rubuta sunayensu da iyakokinsu, a karanta a masallatan Juma'a kafin damina, yadda duk wanda aka gani ya kawo tifar ƙasa bakin ɗaya daga cikinsu, unguwa za ta san shi, ta kuma tambaye shi wanda ya sa masa hannu a takarda.