Beli Kyauta Ne, Mu Daina Yi Masa Karo-Karo



A makon jiya an sake zagawa da faranti a kasuwa, wai a haɗa kuɗin belin wani yaronmu da aka kama saboda yayansa ya ci bashi ya gudu. Na ƙi sa ko kwabo. Wasu suka ce ba ni da tausayi. To ga dalilina.

Tun farko kamun ma haramtacce ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin wani, ta kuma hana a kama shi kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Bashi maganar kotun ƙararrakin jama'a ce. Mu da ya kamata mu je da lauya, sai muka je da ambulan.

Kalmomi uku muke cakuɗawa, su suke cinye mu. Wanda ake zargi shi ne wanda ake bincike a kansa. Wanda ake tuhuma shi ne wanda aka karanta wa caji a gaban alƙali. Mai laifi kuwa sai wanda kotu ta yanke wa hukunci. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma nauyin tabbatarwa yana kan mai gabatar da ƙara. Amma mu da an sa wa yaro ankwa sai mu fara ba da haƙuri kamar an gama shari'a.

Beli alkawari ne. Mai tsaya wa mutum yana sa hannu cewa zai kawo shi duk ranar da aka nema. Kuɗin da alƙali ke ambata, yawanci abin da za ka biya ne idan wanda ka tsaya wa ya gudu. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi a hannu kafin a saki ɗan uwanku, cin hanci yake nema, dillalin da ya kai kuwa yana da kasonsa.

Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu, ban da laifin da hukuncinsa kisa ne. Ina ne a Legas ba a kusa da kotu? Yana da ikon yin shiru har ya ga lauya. Kada ya dangwala yatsa a takardar bayanin da ba a fassara masa ba. A kotu tafinta haƙƙinsa ne, kyauta. Da idona na ga matashi ya ce "yes sa" don ladabi, aka rubuta cewa ya amsa laifi.

Za a ce mini bin doka na da jinkiri, yaro na kwana a sel. Gaskiya ne, kuma da zafi. Sai dai duk belin da muka saya yau, shi ke sa a dawo kama wani gobe, domin an gane muna biya.

Shawarata ga taron wata mai zuwa: kuɗin farantin nan a mayar da shi asusun ɗaukar lauya. Wanda aka kama masa mutum, ya kira sakatariya kafin ya kira dillali.

Allah ya kare mu daga zalunci, ya hana mu taimaka masa.

Sakataren Ƙungiya