Ba teburin ne ya karkace ba

Duk fadar da ke kusa da teburin biyar, daga Maradi har Damagaram, akwai maganar da ba a rasa ji da zarar ƙwallo ya ƙi faɗawa rami: "Wanga tebur karkatacce ne." In ba tebur ba, sanda ce ta lanƙwashe. In ba sanda ba, alli ne marar kyau, ko wani ya yi tari daidai lokacin bugu. (Biyar ɗin da nake nufi shi ne wasan sanda da ƙwallaye da muka ji sunansa a bakin Faransawa, wanda ƴan Najeriya ke ce ma sunuka.) Har yau ban ji wanda ya ce hannunsa ne ba ya tafiya daidai ba.

Wata biyu ke nan ina ba wani dattijo, tsohon ɗan wasa, jika ɗaya kowane mako yana gyara mini bugu, kuma abokaina sun samu abin dariya. "Kuɗi don a koya maka wasa? Haba! Wanga abu baiwa ce, ko kana da ita ko ba ka da ita." Da wannan maganar nake faɗa.

Mu fara da lissafi. A teburinmu wasa ɗaya dala ashirin ne, wanda aka cinye shi ke biya. Wanda ya sha kashi sau goma a dare ɗaya ya zubar da jika, ban da abin da caca ta ci. Ashe kowa na biyan kuɗin koyo. Su dai suna biyan mai tebur ne, shi kuwa ribarsa ita ce su daɗe ba su iya ba.

Me ake koyo? Abin da ido ba ya kamawa. Tsayuwa tukuna: ƙafafu a buɗe, jiki bai rawa, haɓa kusa da sanda. Hannun gaba a dasa shi kan tebur, yatsu a baje, ya zama gadar da sanda ke bi. Hannun baya ya riƙe sanda sako-sako, kamar mai riƙe da ɗan tsako. Kafaɗa ba ta da aiki. Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa kaɗai ke lilo, kuma lokacin da bakin sanda ya taɓa farin ƙwallo, damtsen nan ya kamata ya zama a miƙe yake tsaye. Ka ja sanda baya a hankali, ka ɗan dakata, ka sake ta ta wuce inda ƙwallon yake, kanka na ƙasa har komai ya tsaya. Yawancinmu muna cakar ƙwallo ne kamar mai sukar maciji, mu ɗaga kai tun sanda ba ta gama tafiya ba. Kuma ga matsalar: gwiwar hannunka tana bayanka. Ba ka ganinta. Sai wani ya tsaya a bayanka ya ce, "Ga ta nan ta fita waje." Wannan idon nake biya.

Mai gardama ya gwada. Ka kwantar da kwalbar lemu kan tebur, ka shigar da bakin sanda cikin bakinta sau ashirin ba tare da ka taɓa gefe ba. Ko ka buga farin ƙwallo a tsakiyarsa, ya je bangon can ya dawo ya sami bakin sandarka inda ka bar ta. In ya dawo ta gefe, to ba aljani ba ne.

Masu zancen baiwa su dubi Ronnie O'Sullivan na Ingila. A 1997 ya share tebur da maki 147 cikin minti biyar da ƴan daƙiƙu. In akwai mai baiwa a wasan nan, shi ne. Duk da haka a 2004 ya zauna gaban Ray Reardon, dattijon da ya ci kambun duniya sau shida, yana ɗaukar gyara, kuma a shekarar ya sake cin kambun. Na san za a kawo mini Efren Reyes na Filifin, a ce shi da kallo ya koya. Gaskiya ne. Amma shi a ɗakin wasan kawunsa ya girma a Manila, yana aiki a wurin, har kan teburin yake kwana. Kai kana da lakwal da jarrabawa, awa biyu kake samu bayan isha'i.

Abin mamaki, a ko'ina mun yarda da koyo. Yaron tela yakan yi shekaru yana kafa maɓalli kafin a ba shi almakashi. A makarantar allo malam ke riƙe hannun yaro har harafi ya miƙe. Ɗan kokowa ba ya zuwa neman takobi sai ya sha kaye a hannun manyansa. Sai an zo biyar kowa ya zama gwani tun daga ciki. Girman kai ne kawai: ba mai son fada ta gan shi shi kaɗai yana buga ƙwallo ɗaya sau hamsin.

Ba kowane mai zura ƙwallo ne malami ba, wannan na yarda. Wanda ya fara maka da murɗa ƙwallo da tsallakar da shi tun ba ka iya bugu miƙaƙƙe ba, karɓe kuɗinka ka tafi.

Masu tebur kuma da sauran magana da ku. Tun safe har la'asar teburanku a lulluɓe suke suna shan ƙura. Ku ba masu koyo awa ɗaya a farashi mai sauƙi, ba tare da ƙirga wasa ba, ku ajiye sanda ɗaya miƙaƙƙiya da ba a jingina ta da bango, ku sake mata fatar baki in ta cinye.