Wai Daƙiƙiya Ce Don Ta Faɗi Fiziks?

Jama'a, yau da ɓacin rai na ɗauki alƙalami, don haka wanda maganata ta taka sai ya yi haƙuri.

'Yar yayata ce, a wani ƙauye na bakin kogi cikin ƙaramar hukumar Auyo, ta zana NECO da burin shiga makarantar koyon aikin jinya. Sakamako ya fito: kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji da Kemistiri, Fiziks kuwa D7. Ga wanda bai sani ba, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya kiredit biyar take nema a waɗannan darussa biyar, a zama ɗaya ko biyu. Ɗaya ya ɓace, to ƙofa ta rufe, ko a Birnin Kudu ko a nan Haɗejiya.

Da maganar ta zo zaure, shawara uku aka ba mahaifinta. Wani dattijo ya ce, "Malam, wadda ta kasa Fiziks ina ita ina yi wa mutane allura? Ka yi mata aure ka huta." Wani ya ce akwai mirakul santa a birni, a biya kuɗi a rubuta mata amsa a allo. Na uku ya ce a nemo takardar wani babba, ita ce kiredit ɗin da ya fi kowane. Duk ukun raina su ya ƙi, amma na farkon ya fi ƙona mini rai, domin shi ne mutane suka gyaɗa wa kai kamar ya faɗi hikima.

Shin wa ya faɗi jarrabawar nan, yarinyar ko makarantar? Shekara uku ta yi a babbar sakandare, malamin Fiziks ɗin da ta taɓa gani ɗan bautar ƙasa ne, shi ma zango ɗaya ya yi ya nemi canji ya tafi. Ɗakin gwaje-gwaje akwai shi, da ƙofa da kwaɗo, ciki kuwa sai jemagu. Sannan ga ruwa. Duk ɗan yankin nan ya san abin da ambaliyar 2022 ta yi wa Auyo da Kafin Hausa da Haɗejiya. Azuzuwan makarantarsu mutanen da gidajensu suka rushe ne suka kwana a ciki makonni, littattafanta kuma suka bi ruwa tare da buhunan shinkafa. Yarinyar da ta ciro kiredit huɗu daga cikin wannan hali, a ce mata daƙiƙiya? Haba jama'a! A kai 'yar wani babban ma'aikaci daga Dutse ta zauna a bencin nan mu ga nawa za ta ciro.

Kada wani ya ɗauka cewa nake yi a rage ma'auni. Ko kusa. Nas ɗin da ba ta iya lissafin maganin jariri daidai da nauyinsa ba, kisa za ta yi, kuma 'ya'yanmu za ta kashe, tunda masu hali Kano suke kai nasu. Shi ya sa mai shawarar mirakul santa da mai shawarar takardar babba duk abu ɗaya suke sayarwa: farar riga a jikin wadda ba ta san aikin ba. Ma'aunin ya tsaya inda yake. Abin da nake faɗa a kai shi ne a gina wa yarinya tsanin da za ta hau ta kai gare shi.

Kuma ba mafarki nake yi ba, an taɓa ginawa. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da shirin Women for Health da tallafin gwamnatin Birtaniya a jihohin Jigawa, Kano, Katsina, Zamfara da Yobe. A cikinsa akwai shekarar share fage: al'umma ta zaɓi 'yarta wadda sakamakonta bai cika ba, a ɗauke ta a koya mata darussan kimiyyar nan da gaske, ta sake zana jarrabawa, in ta ci ta shiga makarantar jinya ko ta ungozoma, da alƙawarin za ta koma garinsu ta yi aiki. Har matan aure aka ɗauka. Ba a ƙara wa kowa maki ba, malami kawai aka ba su. To don me abu irin wannan zai zama sai Turawa sun kawo kuɗi? Ya kamata a ce yana cikin kasafin jiha kowace shekara, kowace masarauta da cibiyarta, kamar yadda ba a mantawa da kuɗin taki.

Ga wani lissafi da masu cewa "a yi mata aure" ba sa yi. Hukumar jinya da kanta ta ce sama da ma'aikatan jinya 15,000 ne suka bar ƙasar nan a 2023. Ban ga laifinsu ba, kowa gyaran miyarsa yake nema. Amma wa zai zauna a ƙaramin asibitin ƙauye da damina, lokacin da hanya ta yanke sai da kwalekwale? Wanda aka turo daga nesa, wata uku ya fara neman canji. Wadda uwarta da kakarta ke garin, ita ce za a buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare ta fito. Kuma mun san halin mutanenmu, da yawa ba za su bar namiji ya karɓi haihuwar matansu ba, sai naƙuda ta yi kwana biyu a ɗaki sannan a nemi mota. Mai shakka ya je asibitin Jahun, inda likitocin MSF suke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, ya tambayi matan da ke kwance daga ina aka kawo su, kuma bayan awa nawa.

Ita dai 'yar yayata mun biya mata kuɗin sake zama, mun kuma samo wani malami a Haɗejiya da take zuwa wurinsa Asabar da Lahadi. Kuɗin mota kawai ya cinye akuya ɗaya. A ajinsu su tara ne suka so aikin jinya. Bakwai an riga an sha bikinsu.