Tsofaffin finafinanmu na dawowa, amma wa ya zana musu haƙoran matsefi?

Jama'a, duk mai leƙa YouTube a kwanakin nan ya ga yadda ake ta ɗora tsofaffin finafinan Hausa na zamanin kaset, irin su Sangaya da Wasila. Abin farin ciki ne. Matsalata ɗaya ce: da zarar an fara rawa ko jarumi ya ɗaga hannu da sauri, sai ka ga gefen jikinsa ya tsattsage layi-layi kamar haƙoran matsefi. A wajen sharhi mutane na cewa ai kyamarar da ce ba ta da kyau. Wallahi ba laifin kyamara ba ne, laifin mai juyawa ne.

Ga yadda abin yake. A Najeriya tsarin PAL muke amfani da shi, hoto ɗaya na da layuka 576 da ido ke gani. Kyamarar bidiyo ta wancan lokacin ba ta ɗaukar su gaba ɗaya. Tana ɗaukar layi na 1, na 3, na 5 har ƙasa, sannan ta dawo ta ɗauki na 2, na 4, na 6. Rabin hoto 50 ke nan a kowace daƙiƙa, kuma kowane rabi lokacinsa daban. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi haka take nuna su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ba mu taɓa ganin komai ba. Allon waya da na kwamfuta kuwa haɗa biyun suke su nuna a tare. Hannun da ya riga ya motsa a tsakani sai ya fito a wuri biyu. Ni saƙar layi nake kiran abin, don kamar saƙa yake.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen gyara. Mutum ya ɗebo fim daga kaset, bai warware saƙar ba, sai ya ja hoton ya faɗaɗa shi zuwa 1080 don a ce masa HD. To layukan nan biyu sun cakuɗe, sun zama wasu manyan igiyoyi masu lanƙwasa, kuma daga nan babu manhajar da za ta mayar da su yadda suke. Sai an koma kan kaset. Wani kuma ya miƙe hoton 4:3 ya cika allon 16:9, kowa ya zama gajere mai faɗi, marigayi Ibro kamar an danne shi da turmi. Masu ɗora basirar na'ura a kai su rubuta 4K kuwa, Allah dai ya shirya, haƙoran matsefin suke ƙara wa kaifi.

Maganin ya danganta da inda fim ɗin zai je. In faifan DVD za ka buga, kar ka taɓa saƙar ma. DVD na karɓar hoton 720 da 576 a saƙe, na'urar da talabijin su za su ji da sauran. Abin lura kawai shi ne wane rabi ne ke fara zuwa. Kyamarorin MiniDV da rabin ƙasa suke farawa, na'urorin ɗebo hoto daga VHS da yawa kuma da na sama. In ka gaya wa manhaja akasin haka, motsi zai riƙa gaba yana baya, hoto na karkarwa har kai ya yi ciwo. A kwamfuta ba lallai ka lura ba, sai an sa a talabijin asiri ke tonuwa.

In kuma YouTube za shi, su da kansu sun ce a warware saƙar kafin a ɗora. Kuma a fitar da hoto 50 a daƙiƙa, ba 25 ba. Mai fitar da 25 ya zubar da rabin motsin, a fim ɗin da rawa da waƙa ne jarinsa. HandBrake kyauta ce, tana da zaɓin Bob da ke yin wannan. FFmpeg na da bwdif. Wanda ya fi su duka shi ne QTGMC, sai dai yana cin lokaci, ga mu da matsalar wuta. Faɗaɗa hoto da gyaran kala duk sai bayan an gama wannan.

Me ya sa na damu haka? Saboda kaset ba ya jira. Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin Kannywood, a 1990 ya fito. Kaset irin na wancan zamanin ya sha zafin bazara da laimar damina fiye da shekara 30, wani ya yi fumfuna. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo mai kaset, ya daina tun 2016, saura tsofaffi da ke hannun masu gyara. Ahmad S. Nuhu, Balaraba Muhammad, Hauwa Ali Dodo duk sun riga mu gidan gaskiya, ba za a sake ɗaukar su ba. Kwafin VCD da ke yawo kuma layi 288 ne kawai, rabin hoton ya tafi tun farko. Idan furodusa ya bayar aka juye masa a gurguje, ya ga fim ya hau intanet ya ce shi ke nan ya watsar da kaset, to lalataccen kwafin nan shi ne zai zama tarihi.

Haka zancen yake da kaset ɗin bikin iyayenku da na sunan yayyenku da ke ajiye a ƙasan akwati. Kafin ku miƙa wa mai shago, ku tambaye shi hoto nawa zai fitar a daƙiƙa, ku ce ya ba ku ɗanyen fayil ɗin da ya ɗebo kafin ya taɓa shi, ko da zai cinye muku filashi guda. In ya tsaya yana kallonku, ku karɓi kayanku ku ƙara gaba. Kuma ko an juye, kaset ɗin ya koma akwati.