Ciwon babban yatsan ƙafa bayan sallar layya: ina matsalar take?

Duk shekara bayan sallar layya, a Tanut da Belbeji da garuruwan Damargu, akan ji labari iri ɗaya. Magidanci ya kwanta lafiya lau, tsakar dare ya farka babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ya yi zafi kamar an ɗora garwashi, ko zane ba ya so ya taɓa wurin. Wasu su ce sanyi ne, wasu su ce ya taka sammu. Sau da yawa kuwa ciwon da lokotoro ke kira gut ne, wani nau'in amosanin gaɓɓai.

Asalinsa wani sinadari ne da ke cikin jini, asid irik, wanda ƙoda ke fitarwa ta fitsari. Idan ya yi yawa sai ya daskare cikin gaɓa kamar ƴan ƙananan allurai. Ya fi kama maza. Mata kuma galibi sai bayan sun daina al'ada. Yana bin gado, yana kuma tafiya tare da ƙiba, hawan jini da ciwon ƙoda.

Me ya sa yake tashi a wannan lokaci? A shekarun nan layya na faɗowa cikin zafi, kamar a 2024 da 2025 da aka yi ta a watan Yuni. Ga kayan ciki, hanta da ƙoda, da ake soyawa tun ranar farko, ga nama kwana da kwanaki, ga lemun kwalba, ga kuma ƙarancin shan ruwa ga mai yini a kasuwar dabbobi ta Bakin Birji ko a gona. Barasa ma na tayar da shi. Haka wasu ƙwayoyin hawan jini masu sa yawan fitsari suna ƙara asid irik, amma kar kowa ya ajiye su sai da shawarar lokotoro.

Sai dai a ganinmu naman ba shi ne babban haɗarin ba. Haɗarin shi ne abin da muke yi idan ciwon ya taso. Sai a aika yaro wajen mai tallar magani ya sayo diklofenak, ko deksametazon, a sha biyu-biyu. Cikin mako ɗaya ko biyu ciwon ya lafa, dama ko ba a sha komai ba yakan lafa, sai a ce an warke. Alhali asid irik na nan. Ciwon zai dawo, ya kama idon sawu da gwiwa, har a ga ƙulli-ƙulli a gaɓɓai da kunne. Su kuma ƙwayoyin, in an daɗe ana sha, diklofenak na iya ɓata ƙoda ya jawo gyambon ciki, deksametazon na tayar da suga da hawan jini. In ƙoda ta gaza, wankinta sai an dangana da babbar likitar Damagaram, kuma mun san abin da wannan ke ci wa iyali.

Gut na cikin cututtukan gaɓɓai da ake iya riƙewa sosai. Ana awon jini a ga yawan asid irik da lafiyar ƙoda. Lokacin da ciwon ya taso akwai kolshisin da makamantansa. Wanda yake yawan taso masa kuma akan ɗora shi kan alofurinol, kullum, ko da ƙafa ba ta ciwo, har asid irik ya sauka ƙasa da miligiram 60 a lita. Wanda ya ga ƙuraje sun feso masa bayan fara shi, ya tsaya ya koma likita nan take. Tun da gwamnati ta rage kuɗin duba marasa lafiya da na awo a likitocinta a 2024, uzurin tsada ya ɗan ragu.

A gida kuwa, a yawaita shan ruwa, a rage kayan ciki da zaƙi. Nono ba ya da laifi, yana ma taimakawa, in dai ba a cika wa fura sukari ba.

Gargaɗi ɗaya: ba kowace gaɓa mai kumburi ce gut ba. In da zazzaɓi da rawar sanyi, tana iya zama gaɓa ce ta kamu da ƙwayoyin cuta, in kuma yaro ne tana iya zama sikila. Wannan ba ya jiran gari ya waye sau biyu, a nufi CSI mafi kusa ko likitar Tanut.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.